Kwana uku a Birnin Ho Chi Minh tare da dattijo: ina ya kamata mu je, ina za mu bari?

Mai Yazawa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka taɓa zuwa Birnin Ho Chi Minh, wato Saigon, a kudancin ƙasar Biyetnam. Shekara huɗu ke nan ina tura ƙwallon yazawa ga wani kamfani da ke fasa shi a can, amma duk hulɗarmu ta waya da takarda ce, ban taɓa sa ƙafa a ƙasar ba. Bana sun gayyace ni in je in ga masana'antarsu da idona, kuma in Allah ya yarda zan tashi a farkon watan Disamba. Aikin da zai kai ni ba zai wuce kwana biyu ba, sai na ƙara uku a kai, Alhamis da Juma'a da Asabar, domin in ga gari.

Dalilin ƙarin kwanakin shi ne ba ni kaɗai zan je ba. Zan tafi da Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Shekararsa 71, tsohon malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma tun ina yaro nake jin yana ba da labarin ranar da ya ji a rediyo cewa Saigon, hedikwatar Biyetnam ta Kudu, ta faɗa hannun sojan Biyetnam ta Arewa a 1975, lokacin yana ɗalibi a kwalejin horar da malamai. Da na gaya masa inda zan je bai ce in tafi da shi ba, sai dai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko fadar shugaban ƙasar nan tana nan har yanzu. Tun daga nan na san abin da ya wajaba a kaina.

Damuwata ita ce Baffa yana fama da ciwon gwiwa, ba ya iya doguwar tafiya a ƙasa, hawan bene ma sai da hutawa. Abin da na karanta a intanet ya yi yawa har ya rikita ni, kowa yana lissafa wurare ashirin kamar duk darajarsu ɗaya. Ina so wanda ya je ya gaya mini gaskiya: waɗanne wurare ne suka cancanci wahalar dattijo, waɗanne ne za mu bari? A ina za mu yi sallar Juma'a? Yaya batun abinci ga Musulmi? Sannan ramukan ƙarƙashin ƙasa na Cu Chi da ake ta magana a kai, shin mai ciwon gwiwa zai amfana da zuwa, ko ɓata kwana ne kawai? Allah ya saka da alheri.

Baƙon Saigon ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya, ya kuma ƙara wa Baffa lafiya. Na je garin nan sau bakwai sarin takalma da jakunkuna, saboda haka abin da zan faɗa maka gani ne, ba ji ba.

Da farko ka kwantar da hankalinka, domin ka zaɓi lokaci mai kyau. Daminarsu tana kamawa daga Mayu zuwa Nuwamba, Disamba kuwa farkon rani ne, ruwa ya ja baya, zafin Afrilu bai zo ba. Agogonsu yana gaban namu da awa shida, rana kuma tana faɗuwa da wuri, wajen biyar da rabi na yamma, don haka wanda ya fita da sassafe shi ne ya ci moriyar yini. Abu mafi muhimmanci shi ne ka kama masauki a tsakiyar gari, yankin da mutane suka saba kira Gunduma ta Ɗaya. A hukumance an soke tsarin gundumomin nan a watan Yulin 2025, amma duk direban da ka ce wa Quan Mot ya san inda kake nufi. Idan ka sami otal a kan titin Dong Du ko kusa da shi, rabin matsalarka ta warware, domin babban masallacin garin yana lamba 66 a kan wannan titi, manyan wuraren tarihin kuma duk ba su wuce tafiyar minti goma a mota daga nan ba.

Ka gaya wa Baffa fadar tana nan, kuma ita ce wuri na farko da za ka kai shi, da safiyar Alhamis tun ƙafarsa ba ta gaji ba. Sunanta a harshensu Dinh Doc Lap, wato Fadar 'Yanci. Ginin da za ku gani ba na Faransawa ba ne. Tsohuwar fadar gwamnan Faransa ce a wurin, sai matuƙa jirgin yaƙi biyu daga cikin sojan Kudu suka jefa mata bom a watan Fabrairun 1962 da nufin halaka shugaba Ngo Dinh Diem. Bai mutu a ranar ba, ya sa aka rushe abin da ya rage aka fara sabon gini, amma bai kwana a ciki ko sau ɗaya ba, domin an kashe shi a juyin mulkin Nuwamban 1963, ginin kuwa sai a 1966 aka kammala shi. Shugaba Nguyen Van Thieu ne ya zauna a ciki har kusan ƙarshe. Ranar 30 ga Afrilun 1975 tankokin sojan Arewa suka fasa ƙofar gidan suka shigo, Janar Duong Van Minh, wanda kwana biyu kacal ya yi a kan mulki, ya miƙa wuya. Wannan ita ce ranar da Baffa ya ji a rediyo.

Abin da ya sa nake fifita wurin nan a kan kowane shi ne an bar shi kusan yadda aka same shi. Ɗakin taron ministoci da dogon teburinsa, ɗakin karɓar jakadu, ɗakin kallon fim, duk suna nan da kujerunsu na wancan zamani. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakunan da ake tafiyar da yaƙi, taswirori manne a bango, tsofaffin wayoyin tarho masu kalar toka jere a kan tebur, injinan rediyo, da wani ɗan ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya inda shugaban ƙasa yake fakewa. Na tsaya a ɗakin nan na daɗe ina kallon gadon, domin bai fi na ɗalibin makarantar kwana girma ba. A saman rufi akwai jirgi mai saukar ungulu, kusa da shi kuma jajayen da'irori biyu da aka zana a inda bama-baman da wani matuƙi ya jefa ranar 8 ga Afrilun 1975 suka sauka. Idan gwiwar Baffa ba za ta ɗauki sama da ƙasa duka ba, ku zaɓi ƙasa ku bar rufi. Abu ɗaya ka gaya masa tun da malamin tarihi ne, kada ya ji daga baya: tankoki biyun da ke cikin harabar, masu lamba 843 da 390, irinsu ne kawai, na ainihin suna gidajen tarihi a Hanoi, babban birnin ƙasar.

Daga fada, ku ratsa lambun da ke gabanta, mai dogayen itatuwa da inuwa, ku nufi babban gidan waya. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗaya ba, amma in ya gaji ku hau mota, kada ku ji nauyi. Faransawa suka gina shi tsakanin 1886 da 1891, kuma har gobe aiki yake, mutum zai sayi kati ya rubuta wa iyalinsa ya jefa. Za ku ji masu yi wa baƙi jagora suna cewa wanda ya gina doguwar hasumiyar nan ta birnin Faris ne ya zana shi, alhali aikin wani magini ne mai suna Alfred Foulhoux. A ciki akwai dogayen bencina na katako da suka sha zama har suka yi santsi, rufi mai tsawo da ke kawo sanyi, da manyan taswirori biyu da aka zana a bango, ɗaya ta Saigon a 1892, ɗaya ta layukan tangaraho na kudancin ƙasar da Kambodiya a 1936. Wuri ne da dattijo zai zauna ya huta idonsa yana aiki. Babbar majami'ar jan bulo da ke fuskantar gidan wayar an gama ta a 1880, amma tun 2017 ake gyaranta, don haka kallo daga waje ya wadatar. A gefen gidan wayar akwai wani ɗan titi mai suna Nguyen Van Binh da aka keɓe wa masu sayar da littattafai, babu mota, akwai kujeru a inuwa.

Batun Juma'a kuwa, masallacin titin Dong Du Musulmin kudancin Indiya ne suka gina shi a 1935. Yana tsakiyar manyan otal-otal, amma da ka shiga ƙofa sai ƙarar gari ta yanke. Akwai babban kwarmin ruwa na alwala da baranda mai sanyi. A sahu za ka ga 'yan ƙabilar Cham, waɗanda su ne mafi yawan Musulmin ƙasar, da 'yan Malesiya da Indonesiya da Pakistan da Larabawa, wani lokaci har da 'yan Afirka ta Yamma. Ka kula, a Disamba rana tana karkatawa tun kafin sha biyu, kuma masallacin yana cika, saboda haka ku je da wuri domin Baffa ya sami wuri kusa da bango ko kujera. Akwai wanda ya girme shi, Masallacin Al Rahim a titin Nam Ky Khoi Nghia, wanda 'yan Malesiya da Indonesiya suka gina a 1885, shi ma ba nisa.

Da yamma kada ka kashe kuɗi hawa dogayen benaye. Akwai Bitexco mai hawa 68, da Landmark 81 mai tsawon mita 461, kuma ban ce babu kyau ba, amma gari daga sama duk kamarsa ɗaya. Ku je gaɓar Bach Dang ku shiga jirgin ruwan haya da ke zirga-zirga a Kogin Saigon. Tikitinsa bai kai dala ɗaya ba, mutum yana zaune iska tana kaɗa shi, yana ganin dogayen benayen daga ƙasa tare da gidajen talakawa a bakin ruwa. Titin Bui Vien kuwa, wanda za ka ga ana ta yabo a intanet, mashaya ce da kiɗa tun daga farko har ƙarshe, babu abin da zai kai ka can da Baffa.

Maman Biyu ta amsa:

Sannu Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na raka maigidana wani taro a garin, muka yi mako guda tare da yaranmu biyu. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai na yi mamaki da bai ambaci gidan adana kayan tarihin yaƙi ba, wanda ke lamba 28 a titin Vo Van Tan, 'yar tafiya kaɗan daga fada. A ganina idan malamin tarihi ya je Saigon bai shiga gidan nan ba, ziyararsa ba ta cika ba. Fada tana nuna inda manya suka zauna suka yanke shawara, wannan kuwa yana nuna abin da shawarar ta yi wa talaka.

Amma ina ba da shawara kada ku haɗa shi da fada a safiya ɗaya, ku ba shi safiyar Juma'a kafin masallaci. An buɗe shi a watan Satumban 1975. A harabar akwai jiragen yaƙi da tankoki da manyan bindigogin Amurka, waɗanda yarana suka yi ta zagayawa. A gefe an kwaikwayi kurkukun tsibirin Con Dao, da ƙananan ɗakunan da ake kira kejin damisa, da na'urar fille kai da Faransawa suka kawo. Nauyin abin yana sama, a ɗakunan hotuna. Akwai sashen kisan ƙauyen My Lai na ranar 16 ga Maris 1968, inda bisa ƙidayar mutanen Biyetnam aka kashe mutum 504, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Akwai sashen gubar da ake kira Agent Orange, wadda aka fesa wa dazuzzuka domin ganye ya zube, da hotunan yaran da aka haifa da nakasa shekaru bayan an daina harbi. Ban bar yarana sun shiga ɗakin nan ba, ni ma ban iya gama shi ba. Na fito na zauna a kan benci kusa da wata tsohuwa Baturiya tana share hawaye, babu wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan. Gaskiya ne labarin daga bakin wanda ya ci yaƙi yake fitowa, kuma Baffa ya fi mu sanin yadda ake auna irin wannan, amma hotuna da yawa 'yan jaridar ƙasashen waje ne suka ɗauka, ciki har da Amurkawa, wasunsu ma a bakin aikin suka mutu.

Batun abinci shi ne inda nake so ka fi kula. Naman alade ya shiga girkinsu sosai, kuma ba kullum ake ganinsa ba. Burodin nan nasu da ake kira banh mi, wanda ake sayarwa a kowace kwana, yawanci ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade kafin a sa komai. Shinkafar com tam da gasasshen naman alade aka san ta. Miyar taliya kuma, ko an ce ta kaza ce ko ta kifi, ba ka san ƙashin da aka dafa romon da shi ba. Ka rubuta kalmomin khong thit heo a takarda, ma'anarsu ban da naman alade, amma kada ka dogara da su kaɗai. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne titin Nguyen An Ninh, daidai ƙofar yamma ta kasuwar Ben Thanh, wanda ake yi wa laƙabi da titin Malesiya saboda yawan baƙin ƙasar. Gidajen abincin halal ne a jere, da shagunan hijabi da dogayen riguna, kuma a can na ci miyar pho ta naman shanu hankalina kwance. A kewayen masallacin Dong Du ma akwai na Indiyawa da na Malesiya. Idan yunwa ta kama ku nesa da waɗannan, ku nemi allon da aka rubuta chay, wato abincin mabiya addinin Buda marasa cin nama, shinkafa da ganye da awara. 'Ya'yan itace kuwa sai wanda ya gani: mangwaro, gwanda, ɗanyar kwakwa mai sanyi, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka. Gahawarsu tana da ƙarfi ƙwarai, ga madara mai zaƙi, don haka idan Baffa yana da hawan jini ko sukari a yi hankali.

Kasuwar Ben Thanh, mai hasumiyar agogo, an gama ta a 1914, kuma ta cancanci a leƙa, amma ta baƙi ce, kuɗin farko da za a gaya maka ya ninka na gaskiya, hanyoyinta kuma matsattsu ne ga mai sanda. Kai da kake ɗan kasuwa, wadda za ta burge ka ita ce Binh Tay a unguwar Cholon, unguwar Sinawa, wadda ma'anar sunanta ma babbar kasuwa ce. Wani attajiri Basine mai suna Quach Dam, wanda ya fara da tsintar kwalabe, shi ya ba da kuɗin gina ta, aka buɗe a 1930. Kasuwar sari ce, kuma za ka ga kayanka a can, gasasshiyar yazawa buhu-buhu an kasa ta daraja-daraja. Tana da fili a tsakiya inda Baffa zai zauna kai ka zagaya. A unguwar akwai masallacin da Indiyawa suka gina a 1932 a kan titin Nguyen Trai, a kan titin dai kuma akwai tsohon wurin bautar Sinawa na Thien Hau, wanda ni daga harabarsa na tsaya na kalli sassaƙen rufin. Titin Hai Thuong Lan Ong na masu maganin gargajiya ne, tun daga nesa ƙanshin saiwa da ɓawon itace zai tare ka.

Abu biyu na ƙarshe. A kuɗinsu na dong, takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne, kuma ni kaina na taɓa miƙa wa wani mai keken ɗaukar baƙi babbar a maimakon ƙaramar da dare, ya karɓa ya taka kekensa bai waiwayo ba. Ka raba su aljihu daban, ka kuma yi amfani da manhajar Grab wajen kiran mota, domin kuɗin yana fitowa tun kafin ka shiga. Na biyu shi ne tsallaka titi. Babura ba sa tsayawa, kauce wa mutum suke yi, saboda haka ka riƙe hannun Baffa, ku taka a hankali ba gudu ba ja da baya, kuma kada ka riƙe waya a bakin titi, domin masu fizge a kan babur suna nan.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga Alhaji da Malam da Hajiya. Babu wanda ya taɓa tambayar Cu Chi, ni kuma ita ce ta sa na shigo. Kakana yana cikin sojan da Faransa ta kwasa daga ƙasashenmu ta kai yaƙin Indoshin (yankin da ya haɗa har da Biyetnam), wanda aka yi daga 1946 zuwa 1954, kamar yadda marigayi Janar Seyni Kountché ma ya yi aikin soja a can tun yana matashi. Kakana bai cika magana a kai ba, amma abu ɗaya da yake maimaitawa shi ne sun yi yaƙi da mutanen da ba a gani. Sai da na je Cu Chi, lokacin da aikin wata ƙungiyar noma ya kai ni ƙasar, na fahimci abin da yake nufi.

Amsata ita ce ku je, ko da Baffa ba zai shiga rami ba. Mutane suna zaton duk ziyarar rarrafe ce a cikin ƙasa, alhali mafi yawanta tafiya ce a hankali cikin daji mai inuwa, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ana tsayawa ana bayani. Mayaƙan sari-ka-noƙe na Biyetnam ne suka fara haƙa ramukan tun ƙarshen shekarun 1940, lokacin yaƙi da Faransa, aka faɗaɗa su a shekarun 1960 har tsawonsu ya haura kilomita 200, wasu wuraren hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, da ɗakunan taro da na jinya da rijiyoyi. Ƙasar wurin yumɓu ce mai tauri, ita ta hana su rushewa, kuma da ƙaramar fartanya da kwando aka yi aikin. Amurkawa sun kai manyan hare-hare a 1966 da 1967 domin share yankin, daga baya suka yi masa ruwan bama-bamai, har yau ramukan bom ɗin suna nan ciyawa ta rufe su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙofar rami ce. Mai jagora ya tsayar da mu a wani fili da babu komai sai busasshen ganye, ya ce mu nemo ta, muka dudduba muka rasa. Sai ya share ganyen da ƙafa, ga wani murfin katako da bai fi faifai biyu faɗi ba, ya zura jikinsa ya ɗaga hannu sama ya ja murfin ya rufe, wurin ya koma kamar babu wanda ya taɓa tsayawa. Sun nuna mana kafofin shan iska da aka ɓoye a cikin abin da ya yi kama da suri, da madafar da ake jan hayaƙinta ta dogon bututu ya fita nesa kaɗan-kaɗan kamar hazon safe, da tarkunan gora masu tsini, da takalman da aka yanka daga tsohuwar taya. A ƙarshe aka ba mu dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri, abincin da mayaƙan suka rayu a kai. Duk wannan Baffa zai gani yana tsaye da sandarsa. Kai Alhaji ka shiga ramin ka yi ko mita ashirin ne, ka fito ka ba shi labarin zafi da duhu. Akwai filin harbin bindiga a wurin wanda ƙararsa take damun mutane, ni kam ban ga dacewarsa a inda aka zubar da jini haka ba, ku wuce shi kawai.

Shekarar 1954 da Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu ita ce shekarar haihuwar Baffa idan lissafina daidai ne. Wurin yana can ƙuryar arewa, ba za ku kai ba a wannan tafiya, amma Cu Chi ta haɗa yaƙoƙin biyu a wuri ɗaya.

Baƙon Saigon ya ƙara da cewa:

Hajiya ta yi gaskiya, na tsallake gidan tarihin yaƙin ne domin ni kaina sau ɗaya na shiga ban sake marmarin komawa ba, amma wannan ba hujja ba ce ta hana malamin tarihi. A kan Cu Chi kuwa na yarda da ɗan'uwana na Damagaram, da sharaɗi ɗaya: kada ku bi motar 'yan yawon buɗe ido mai ɗaukar mutum talatin, domin gudu suke yi da mutane, ba za su jira dattijo ba. Ka roƙi kamfanin da ya gayyace ka su samo muku mota da direba na yini guda, ku fita kafin bakwai na safe. Wuraren shiga biyu ne. Ben Dinh ya fi kusa da gari, nan ake kai yawancin baƙi, kuma an faɗaɗa ramukansa. Ben Duoc yana da nisan kusan kilomita 70, ya fi shiru, kuma akwai babban ɗakin tunawa da aka sassaƙa sunayen mamata fiye da 40,000 a bangonsa, sai dai filin yana da faɗi, tafiyar ƙasa ta fi yawa. Saboda gwiwa zan ce Ben Dinh, da sassafe kafin manyan motoci su iso. Ku tafi da abincinku da dardumar salla, domin ba za ku dogara da samun halal a hanya ba.

Za a yi ta tallata maka yawon Kogin Mekong, wajen My Tho da Ben Tre. Yana da kyau, amma shiga da fita ne daga ƙananan kwale-kwale masu rawa, kuma ba zan sa mai ciwon gwiwa a ciki ba.

Mai Yazawa ya sake rubutawa:

Malam, Hajiya, da ɗan'uwana na Damagaram, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Jiya bayan sallar isha'i na je gidan Baffa na karanta masa amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da na kai wurin tankokin ya tsayar da ni ya ce ai ya san lambobinsu, kuma an daɗe ana gardama a kan wadda ta fara shiga, sai ya ce in gaishe da wanda ya gaya masa gaskiya cewa ba na ainihin ba ne. Labarin kakan ɗan'uwanmu kuma ya sa ya tuna wani tsohon sojan Faransa da ya sani a Maraɗi yana yaro, muka yi kusan awa guda a kan wannan kaɗai.

Ga abin da muka tsayar. Alhamis da safe fada da gidan waya, mu koma masauki ya huta, da yamma mu shiga jirgin ruwa. Juma'a da safe gidan tarihin yaƙi, daga nan masallacin Dong Du, bayan la'asar kuma idan ƙafarsa ta yarda mu leƙa Binh Tay. Asabar Cu Chi ta ƙofar Ben Dinh, kuma na riga na rubuta wa mutanen kamfanin a kan mota, sun ce za su ba mu direbansu. Baffa ya ce in saya masa sabon littafin rubutu da biro biyu, ya kuma ce a gidan wayar zai aika wa tsofaffin abokan aikinsa uku kati, don haka yau na aiki yaro ya karɓo adireshinsu.